Zoben hayaƙi a saman Garwa

Jama'a, kuɗin shinkafa buhu huɗu na zuba a tsohon madubin hangen nesa, uwargida har yau ba ta huce ba. M57 nake farauta, kusa da tauraron Vega. Wani tauraro ne ya tsufa ya fesar da iskar jikinsa ta zama zobe. Tun 1779 aka gano shi. Mu nan Garwa, da damina hadari, da hunturu hazo, sai Oktoba ake samun sarari. Ran Lahadi daga kasuwar Pitowa na ratse bakin Binuwai, nesa da fitilu, na kara waya a idon madubin. Hoto 40, biyu kaɗai suka fito. Ta duba ta ce, "Alhaji, wannan ɗigon ne shinkafarmu?"