Mu huɗu muka tashi, mu huɗu muka isa

A wannan mako zan ajiye zancen albashi da na farashin hatsi, in ba ku labarin wata tafiya da muka yi bisa keke a bakin teku, ni da abokaina uku, a watan Agusta na 2022. Akwai wani mushen lakwal, da wani ma'aikacin asibiti, da wani Alhaji ɗan kasuwa wanda ya girme mu duka, sai ni. Alhajin ya shekara fiye da goma yana sauke kaya ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, amma bai taɓa sa ƙafa cikin ruwan gishiri ba. Shi ya kawo shawarar, shi kuma ya biya rabin guzuri.

Mota ta kai mu da kekunanmu daga Yamai, ta Gaya da Malanbil da Faraku, har Kwatano. A lokacin iyakar a buɗe take, ba a rufe ta ba sai a 2023. Daga nan muka fuskanci yamma, da niyyar isa Elmina ta ƙasar Gana, tafiyar kilomita kusan 500. Tun ranar farko muka gane kuskurenmu: iskar bakin tekun nan daga kudu maso yamma take busowa, wato kullum tana dukan ƙirjinmu. Wanda ke gaba shi ke shan wahala, na baya suna fakewa da shi. Saboda haka muka riƙa yin karɓa-karɓa, kowa ya ja ayari na ɗan lokaci ya koma baya.

Mun wuce Wida, mun tsallaka iyakar Togo, mun ratsa Aneho. A can masunta suka nuna muna inda tsohuwar hanya ta nutse. Tun da aka buɗe tashar Lome a 1968, katangarta ke tare yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma, shi kuwa teku yana ta cin gaɓar gabas. Mun shiga Gana ta Aflawo, mun canza sefa zuwa sidi, mun haye kogin Balta ta gadar Sogakofe. A Akara, ƴan uwanmu Hausawan Nima suka tarbe mu da koko da ƙosai, har muka manta muna baƙunta.

Fitina ta taso bayan Winiba. Gwiwar Alhaji ta kumbura, har ba ya iya lanƙwasa ta. Hutunmu ya kusa ƙarewa, kuma kowa ya san ma'aikacin gwamnati ba ya ƙara kwana bisa izinin da aka ba shi. A nan ni, mai wannan rubutu, na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce: "Alhaji, ka shiga mota ka jira mu a Elmina, mu za mu ƙarasa." Ya dube ni, ya ce: "To, ƙanena, yadda kuka gani." Bai ƙara ko kalma guda ba, ya fara kwance kayansa daga keke. Sai mushe ya miƙe ya ce: "Mu huɗu muka yi bismilla a Kwatano. In mota ce, mu shiga duka. In keke ne, mu jira shi."

Muka jira. Kwana guda cur muka yi a wani ƙaramin masauki, abokinmu na asibiti yana gasa gwiwar yana ɗaure ta. Washegari muka raba kayan Alhaji tsakaninmu, muka sa shi a tsakiya don kada iska ta same shi. Tafiyar da muka shirya yi a yini guda ta ci muna biyu. Kilomita goma sha wani abu na ƙarshe, daga Kef Kos zuwa Elmina, mun yi rabinsu a ƙasa, muna tura kekuna.

Rana ta faɗi kafin mu isa. Ga farar ganuwar nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda daga baya ta zama kurkukun bayin da ake lodawa zuwa Amurka. Ita muka yi ta ambato tun daga gida, amma mun tarar an rufe ƙofa, kuma da asuba tilas mu kama motar komawa. Har yau ban ga cikinta ba. Muka jingine kekuna kusa da kwalekwalen masunta, muka yi sallar magariba. Alhaji ya naɗe ƙafar wando, ya ɗingisa ya shiga ruwa har gwiwa, yana dariya kamar yaro.

Na sha tambayar kaina abin da zan samu da an bi shawarata. Da na ga ɗakunan ganuwar, na ɗauki hoto, na dawo da labari. Amma da wane ido zan dubi Alhaji duk ranar da na wuce ƙofar kantinsa? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa ƙafar da ta fi rauni ita ta tsara muna tafiya. Duk mai shirin irin wannan, ya ware kwana biyu na ko-ta-kwana cikin lissafinsa, ya tashi daga yamma zuwa gabas don iska ta zama a bayansa, kuma tun a gida a yanke abin da za a yi in ɗaya ya gaza.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.