Mun Ɗora wa Tsautsayi Kayan da Ba Nasa Ba

Idan kaka ta yi, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, hanyoyin ƙasarmu kan yi wani irin kyau da ke sa matashi ya hau babur ko da ba shi da wurin zuwa. Laka ta bushe, zafi ya sauka, ƙurar hunturu kuma ba ta rufe sama ba tukuna. Wanda ya taso daga Jabo ya nufi ƙasar Kebbe a wannan lokaci zai ratsa gonakin dawa da ke jiran lauje, ya wuce sababbin rumbuna da gawo mai sabon ganye, ya ga shanu sun bazu cikin karan gero, har ya gangara fadamun Gulbin Zamfara. Babu mai ganin laifin yaron da ransa ya biya da wannan hanya. Mu ma namu ya biya, kuma mun bi ta.

Bikin wani abokinmu ne ya tashe mu zuwa wani ƙauye a can. Mu goma sha ɗaya ne a kan babura huɗu, uku sun ɗauki mutum uku-uku, ɗaya ya ɗauki biyu da jakar kayanmu. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta babur ɗin farko ta sace. Muka tura shi har wurin mai faci, ya zaro tib ya ƙirga tsofaffin faci bakwai a jikinsa, ya ƙara na takwas. Muka ce tsautsayi ne. Can gaba na biyu ya fara tari yana mutuwa. Da bakanike ya kwance kabureta sai ga ruwa da datti, daga man da muka saya a kwalba wurin 'yan bumburutu don ya fi kusa da gida. Nan ma muka ce yau dai da ƙafar hagu muka fito, muka yi dariya, muka ɗauki hotuna.

Waɗannan biyun suka cinye mana kusan awa uku. Muka isa a makare, muka baro a makare, bayan magariba. Fitilar ɗaya daga cikin baburan ta daɗe da mutuwa, saboda haka na bayan direba ya kunna tocilan ɗin waya yana haska masa hanya ta saman kafaɗa. Kowa yana sauri, don babu mai son dare ya tsala yana daji a wannan zamani. A wata kwana akuya ta gitta. Wayar birkin gaba ta tsinke tun damina, na baya kuma ya cinye, sai an taka shi har ƙasa yake ɗan kamawa. Direban ya karye a cinya. Na tsakiya ya ƙuje. Yaron da ke can ƙarshe, ƙanen ɗayanmu mai shekara goma sha shida, wanda muka ɗauka don ya yi ta roƙo, kansa ne ya fara isa ƙasa. A bayan wata motar kaya muka kai shi asibiti mafi kusa, suka ce sai Sakkwato. Bai kai ba.

A zaman makoki duk wanda ya shigo abu ɗaya yake faɗa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwana ne ya ƙare. Muna zaune kanmu a ƙasa muna amsawa da amin. Abin da ba mu taɓa faɗa a fili ba sai yau shi ne, kalmar nan ta yi mana daɗi. Duk sanda aka maimaita ta sai mu ji an sauke mana wani dutse daga ƙirji. Babu wanda ya tambayi yaushe birkin ya lalace. Babu wanda ya ce don me aka ɗora yaro a kan ƙarfen baya, ba hula, ba fitila, cikin duhu.

To bari mu yi tambayar da kanmu. A cikin duk abin da ya faru ranar nan, wanne ne tsautsayi? Akuya ce kaɗai. Ita ce ba mu aika ba, ba mu kuma san za ta zo ba. Amma akuya tana gitta wa babur kullum a kowane ƙauye daga Dogon Daji har Sanyinna, mai birki ya taka ya zage ta ya wuce, kafin ya isa gida ma ya manta. Tib mai faci bakwai mun san da shi. Man kwalba da kuɗinmu muka saya. Fitila da birki, mai babur ɗin ya yi wata huɗu yana cewa sai an sayar da amfanin gona. Mun yi makonni muna gina haɗarin nan da hannunmu, akuya ta zo ta sa hannu a ƙarshe, sannan muka tattara duka muka ba shi suna tsautsayi.

Mun san abin da wani zai ce, don mu ma mun faɗa wa kanmu: ai ajali idan ya zo, ko a kan gado sai ya ɗauke ka. Gaskiya ne, kuma babu mai imani da zai ja da wannan. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne kuma ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure, har da azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Da a ce cewa "ban yi da niyya ba" tana wanke mutum tas, da wannan hukunci bai zo ba. Ko ɗalibin makarantar zaure ya san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Mu kuwa mun saki raƙumi, mun yar da igiyar, idan ya ɓata mu ce haka Allah ya so. Muna roƙon malamanmu su gaya mana daga kan mumbari, mene ne hukuncin wanda ya san ba shi da birki ya ɗauki ɗan mutane? Sau nawa aka yi wannan huɗuba a masallatan Juma'a na ƙasar Tambuwal? An yi ta a kan tsadar aure, an yi a kan shigar mata, wannan kuwa da ke kai samari kushewa ba mu cika jin ta ba.

A duba batun hular kwano. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta fara tilasta sa hular a duk Nijeriya. Me muka yi? A Kano 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka suna ɗaurewa da igiya, labarin ya zaga duniya, muka yi ta dariya muna yaba wayonsu. Aka baza jita-jitar cewa ana sa asiri a cikin hula, fasinja ya sa ya fita hayyacinsa. Yau a tsaya bakin kowace kasuwar mako a kudancin Sakkwato a ƙirga 'yan kabu-kabu ɗari, a ga ko za a cika yatsun hannu ɗaya da masu hula. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Ƙafa idan ta karye akwai mai ɗori, akwai asibitin ƙashi a Wamakko. Kai idan ya fashe a kan hanyar ƙauye, babu mai ɗorinsa.

Za a ce zafi. Wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu ba zai raina wannan uzuri ba, hular tana dafa kai, gaskiya ce. Amma mu a sanyin kaka muka yi tafiyarmu, da dare ma, kuma ko ɗaya bai sa ba, don ko ɗaya ba shi da ita. Za a ce talauci. Wannan ya fi nauyi, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan kabu-kabu ya ga idan bai ɗauki biyu ko uku ba ba zai mayar da kuɗin mai ba, balle ya kai wa mai babur balas. Ba mu da bakin yi wa wannan bawan Allah wa'azi daga inuwa. Sai dai a kalli baburan samarinmu na yawon Sallah da rakiyar ango. Akwai kuɗin fitilu masu launi, akwai na hon mai kukan mota, akwai na fasa salansa don a ji ƙara tun daga nesa. Sabon Boxer yana fitowa daga kwali, abu na farko da ake yi masa shi ne a kwance madubai biyun a jefa a ɗaki, wai madubi na tsofaffi ne. Wannan kam babu ruwan talauci a ciki. Mun mayar da ganganci jarumta, mun mayar da kiyayewa tsoro, yaro yana tasowa yana ganin haka daga yayyensa.

Iyaye ma suna da nasu kason. Ana miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu makulli a ce ya kai niƙa ko ya ɗauko taki, ƙafarsa ba ta ko kai ƙasa, ana alfahari wai ya iya. Ranar da ya afka wa tsohuwa a bakin rijiya, sai a taru a ce tsautsayi ne, a yafe wa juna.

Kuma kada talaka ya zaci shi kaɗai kalmar take yi wa aiki. Ta fi yi wa na sama. Ramin da ya shekara uku a tsakiyar kwalta, kowa ya san shi har ana kwatance da shi, idan ya kayar da baƙo cikin dare me ya sa sunansa tsautsayi? Kwalbatin da ruwa ya cinye gefensa aka kafa reshen itace a matsayin alama fa? Duk kakar zaɓe ana jera babura ɗaruruwa a fili ana rabawa da sunan tallafi, ana ɗaukar hoto, ba a haɗa da hula, ba a tambayi wanda aka ba ko ya taɓa koyon dokar hanya. Wanda ya ji rauni a ka a ƙauyukan Kebbe sai an nemi motar kasuwa, an yi karo-karon kuɗin mai, an kama doguwar hanya ta Shagari da Bodinga kafin a ga likitan da zai iya buɗe kai a birni. Mutanen da ke cewa komai tsautsayi ne ba sa tambayar ina motar ɗaukar marasa lafiya, kuma babu shugaban da zai ƙi irin waɗannan talakawa.

Abin lura, hukuma ta san yadda ake sa wa babur doka idan ta ga dama. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, kuma hanin ya zauna. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga. Ba mu ce ba su da hujja ba. Muna cewa ne idan babur ya zama barazana ga tsaro ana tashi tsaye cikin mako guda, idan kuwa kan ɗan talaka ne kawai yake fashewa a kwana, sai a bar shi da ta'aziyya.

Ba muna kiran kowa ya jingine babur ba ne. A ƙasarmu shi ne jaki, shi ne motar asibiti, shi ke kai mai naƙuda da buhun albasa inda mota ba ta shiga. Hanyar nan ma tana nan da kyanta, kuma wanda ya bi ta da safe a kan lafiyayyen babur, su biyu, ya dawo kafin la'asar sakaliya, ya more abin da mutanen birni ke biyan kuɗi su gani. Abin da muke nema ƙarami ne: idan an je gaisuwa a yi addu'a, a ba da haƙuri, amma bayan kwana bakwai wani dattijo ya kira mai babur gefe ya tambaye shi halin da birkinsa yake ciki ranar. A bar kalmar tsautsayi ga abin da ya zo ba a san da shi ba.

Babur ɗin nan an gyara shi bayan sadakar arba'in. Bakanike bai yi minti goma sha biyar ba wajen sa sabuwar wayar birki, kuɗinta kuma bai kai abin da muka kashe a katin waya ranar bikin ba. Cikin mu goma da muka rage, biyu ne suka sayi hular kwano. Idan sun shigo kasuwa da ita yara suna bin su suna kiran 'yan sama jannati, ɗayan ma ya gaji ya rataye tasa a ƙusa. Wan yaron har yau bai sake hawa babur ba, ƙafa yake takawa zuwa gona.