Zancen Akawu: Inci 24 Ko Inci 27?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata takarda da ta zo mini daga wani malamin makaranta na ƙasar Zazzau. Na ga ya fi kyau in amsa masa a gaban jama'a, gama abin da ya dame shi ya dami akawuna da malamai masu yawa.

Malamin ya ce ya yi shekara guda cur yana zubin adashi domin ya sayi kwamfutar tebur, irin wadda injinta ya ke goye a bayan fuskarta, ba ta da wani akwati dabam da za a ajiye a ƙarƙashin tebur. Masu shago su kan ce mata ol-in-wan, watau kome a haɗe, ni kuwa mai goyo na ke ce mata. Da kwasarsa ta zo ya tafi kasuwa, sai ya tarar da iri biyu, ɗaya mai fuska inci 24, ɗaya mai inci 27, mai shago kuwa ya dage a kan babbar ta fi. Aikin malamin shi ne rubuta tambayoyin jarrabawa da shirya takardar sakamakon yara. Tambayarsa ita ce, wacce zai ɗauka?

Malam, kafin in ba ka amsa, bari in fara ba ka labarin wautar da ni kaina na yi. A shekarar da aka sake mana kwamfutoci a ofishinmu, sai aka ba ni zaɓi, domin ni ke riƙe da takardar albashi, wadda gidajenta suka yi yawa har sai mutum ya yi ta janta dama da hagu kafin ya ga ƙarshen layi. Na ce a raina, in na sami babbar fuska wahalata ta ƙare. Ban tambayi kowa ba na ce a kawo mini mai inci 27. Ran da aka kawo ta na buɗe takardar, na ƙidaya gidajen da suka bayyana. Abokin aikina, wanda aka ba mai inci 24, ya buɗe takardar nan a tasa, shi ma ya ƙidaya. Ashe daidai mu ke, ko da gida ɗaya ban fi shi ba! Abin da na samu kurum shi ne haruffana sun ƙara girma, gefensu kuma ya yi kaushi-kaushi. Ya yi ta yi mini dariya har aka tashi. Kunyar ranar ce ta sa na zauna na binciki dalili, shi ne kuma zan bayyana maka.

Da fari sai mu san yadda a ke awon. Incin nan da a ke faɗi ba faɗin fuskar ba ne, ba kuwa tsayinta ba. A kan auna ne a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Yawancin fuskokin zamanin nan an yanka su ne bisa ƙa'idar 16 a faɗi, 9 a tsaye. Bisa ga wannan, mai inci 24 faɗinta kimanin santimita 53 ne, tsayinta kimanin 30. Mai inci 27 faɗinta kimanin 60, tsayinta kimanin 34. Akwai kuma ƙaramarsu mai inci 21.5, wadda faɗinta bai cika 48 ba, tsayinta kuma kimanin 27. Ka kuma sani da yawa daga cikin waɗanda a ke kira inci 24, ainihin awonsu 23.8 ne, an cike musu ne don sauƙin faɗi. In aka yi lissafin fili, mai 27 ta fi mai 24 da rubu'i da ɗan ɗori.

Domin awon nan ya zauna maka, ɗauko takardar ofis da mu ke kira A4. Faɗinta santimita 21 ne, tsayinta 29.7. Ka ga tsayin fuskar inci 24 kusan ɗaya ya ke da tsayin takardar nan, in kuma ka jera takarda biyu gefe da gefe santimita 42 za su ci, da sauran fili. Watau mai inci 24 tana iya nuna maka littafin da ka ke kwafa a hagu, da tambayoyin da ka ke rubutawa a dama, ko da ya ke layukan umurni na sama da na ƙasa za su ɗan ci wani abu daga tsayin.

To, ga inda ni na faɗi. Duk abin da ka gani a fuskar kwamfuta, rubutu ne ko hoto, an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu haske, waɗanda a ke kira fiksel. Yawan aikin da fuska za ta iya nuna maka a lokaci ɗaya ya rataya ne a kan yawan ɗigon nan. Mafi yawan masu goyo da za ka tarar a kasuwa suna da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye, jimla miliyan 2 da 'yan kai. In aka shimfiɗa wannan adadi a kan inci 24, kowane inci zai sami ɗigo kimanin 92. In aka shimfiɗa shi a kan inci 27, sai ya koma kimanin 82. Misalinsa kamar masaƙi ne da aka ba zare na zane mai matsakaicin faɗi, aka ce lalle ya saƙa babba da shi. Zai saƙa, amma saƙar za ta yi sako-sako, zaren kuwa bai ƙaru ba. Tawa da ta abokin aikina duk 1920 da 1080 ne, shi ya sa muka yi kunnen doki.

Mai inci 27 da ta amsa sunanta ita ce wadda aka ƙara mata ɗigo, 2560 a faɗi da 1440 a tsaye. A nan kowane inci yana da ɗigo kimanin 109, haruffa su fito sumul, kuma inda waccan ta nuna maka gida 3 na takardar lissafi wannan za ta nuna 4, haka nan kuma layuka daga sama zuwa ƙasa. Wata fa'idarta ita ce, in rubutun ya yi maka ƙanƙanta kana iya umurtar Windows ta ƙara masa girma zuwa 125 ko 150 bisa 100, ya girma ba tare da ya yi kaushi ba. Mai ɗigo kaɗan kuwa, ba umurnin da zai ƙara mata ɗigo.

Masu ƙera injunan nan sun san da haka. Kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da iMac a shekarar 1998 da fuska inci 15, ya fito da sabuwar iMac mai inci 24 a shekarar 2021, a shekarar 2022 kuma ya daina sayar da mai inci 27. Ita mai inci 24 ɗin an zuba mata ɗigo 4480 a faɗi da 2520 a tsaye, fiye da ninki 5 na wanda ke cikin tawa, galibinsa kuwa an kashe shi ne wajen kyautata haruffa har su zama kamar bugun ɗab'i. Ban kawo wannan don in ce ka saye ta ba, gama kuɗinta ba na zubin adashin malami ba ne. Na kawo shi ne don ka ga ƙaramar fuska tana iya fin babba daraja nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne teburinka. Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki a Amurka, wadda a ke kira OSHA, ta ba da shawara fuskar kwamfuta ta kasance tsakanin inci 20 da 40 daga ido, watau kimanin santimita 50 zuwa 100, kuma layin sama na fuskar ya yi daidai da idon mai aiki ko ya ɗan yi ƙasa da shi. Gwargwadon girman fuska, gwargwadon nisan da ta ke bukata. Teburina na ofis ba shi da zurfi, ga fayil-fayil, ga kibod a gaba, sai babbar fuskar ta zo mini kusa, na riƙa juya wuya kamar mai kallon sukuwa. Kafin la'asar sai in ji wuyana ya riƙe, idona yana yaji. Ban sami sauƙi ba sai da aka sake mini tebur. Ka kuma lura, da yawa daga cikin masu goyo ƙafarsu ba ta hawa ba ta sauka, sai dai a ɗan karkata fuskar gaba ko baya. Gajera ka iya ɗaga ta da littafi biyu a ƙarƙashi, amma wadda ta yi maka tsawo sai dai ka nemi kujera mai tudu.

Abu na uku shi ne ya sa na ɗauki tambayarka da nauyi. Mai kwamfutar da akwatinta dabam, fuskarta dabam, in fuskar ba ta yi masa ba sai ya sayar ya sayi wata, injinsa na nan. Mai goyo kuwa aure ne da ba saki: fuskar da ka zaɓa yau ita za ka yi ta kallo har injin ya tsufa, in kuma ta fashe ko ta mutu, aikinka ya tsaya sai an gyara. Saboda haka ka duba bayanta ko tana da ramin HDMI na fita, wanda za ka iya jona fuska ta biyu da shi in aiki ya ƙaru nan gaba. Waɗansu har suna da ramin HDMI na shiga, wanda zai ba ka dama ka mai da ita fuskar wani injin. Ba duka ke da su ba, sai ka tambaya, ka kuma gani da idonka.

Kada kuma ka manta da halin wutar lantarki a ƙasarmu. Galibin masu goyo ba su da batir irin na kwamfutar tafi-da-gidanka. Da an ɗauke wuta sai su mutu nan take, abin da ba ka adana ba ya tafi. Dole ka tanadi akwatin ajiyar wuta da a ke kira yu-pi-es, ko inbata, babbar fuska kuwa bisa galibi ta fi ƙarama shan wuta. Wanda ya kashe kuɗinsa kaf a kan inci 3, ya rasa na akwatin wuta, ranar da tambayoyin aji uku suka salwanta da tsakar dare zai san ya yi ciniki maras riba.

Ga amsata a taƙaice, Malam. In duka biyun da ka gani 1920 da 1080 ne, ɗauki mai inci 24, rarar kuɗin ka sa ta a akwatin wuta, ko a ƙarin ƙwaƙwalwar inji, daga gigabait 8 zuwa 16. Ta ishi aikin jarrabawa da sakamakon yara, har da saura. In kuwa mai inci 27 ɗin 2560 da 1440 ce, teburinka kuma yana da zurfi, aljihunka zai ɗauka ba tare da an taɓa cefanen gida ba, to, ɗauke ta, ba za ka yi da-na-sani ba. Ita ce ta dace da akawu mai takardun lissafi masu faɗi, da mai zanen taswirar gini, da malamin da ke nazarin rubutun Larabci ko ajami, inda ƙananan wasula ke bukatar fitowa sarai. Mai inci 21.5 ta dace da ƙaramin kanti ko teburin karɓar kuɗi, inda wuri ya ƙuntata.

Amma kada in zalunci irin tawa, ita ma tana da masu ita. Daga wajen shekara 40 zuwa sama idon mutum ya kan fara gajiya da ƙaramin rubutu na kusa. Dattijon da abin da ya ke so shi ne manyan haruffa, ya zauna nesa kaɗan ya yi karatunsa a natse, mai inci 27 da ɗigo 1920 da 1080 za ta yi masa daidai, gama daga nesa kaushin nan ba ya bayyana. Haka nan malamin da zai tara ɗalibai huɗu ko biyar su kalli fuska ɗaya. Laifina shi ne na saye ta domin aikin da ba nata ba.

Kafin ka koma kasuwa ka yi abu biyu, don kada ka yi cinikin biri a sama. Na ɗaya, nemi kwali ka yanka guda biyu, ɗaya santimita 53 da 30, ɗaya 60 da 34, ka tsai da kowanne a teburinka inda injin zai zauna, ka zauna a kujerarka ka miƙa hannu. In yatsunka sun taɓa kwalin da ƙyar, nisan ya yi. Ka tuna jikin injin zai ɗan fi kwalin girma saboda baki da ƙafa. Na biyu, tafi da takardar sakamakon yaranka a filas, ka roƙi mai shago ya buɗe ta a kowacce, ka ƙidaya gidajen da suka fito, ka kuma sa ya nuna maka adadin ɗigon a cikin injin kansa, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali. Mai shagon da ya ƙi, sai ka yi masa sallama ka shiga na gaba. Gani ya kori ji.

Ina fata wannan zai amfani Malam da sauran 'yan'uwa akawuna da ke da niyyar saye. Wanda kuma ya gwada ya ga saɓanin abin da na faɗa, ya rubuto wa Edita mu ƙaru da shi. Allah ya sa mu dace. Haza wasalam.

Naku,
Akawu