Harafi Mai Ƙugiya Ba Kwalliya Ba Ne

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun san wannan matsala sarai. Saƙo zai taso daga Kafanchan ta waya, ko takardar gayyatar biki da aka buga a kwamfuta, sai mutum ya tarar an rubuta “baki sun iso” a maimakon baƙi, ko “ya kai kara wurin hakimi” a maimakon ƙara. Wani lokaci ma ɗan akwati ne ko alamar tambaya ke zaune a gurbin harafin. Mutane da yawa sun ɗauka laifin na'ura ne, suka haƙura. To, wannan haƙuri bai dace ba.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin da Amurka ta fito da shi a 1963, watau ASCII, lambobi 128 kawai gare shi, kuma Turanci aka yi wa su. Da na'urar ta isa Rasha, inda ake rubutu da haruffa 33 irin nasu, sai kowa ya ƙirƙiro nasa jadawalin: ga KOI8, ga Windows-1251, ga waɗansunsu. Lamba ɗaya sai ta zama wannan harafi a wannan na'ura, ta zama wani dabam a waccan. Wasiƙar da aka rubuta a Masko takan isa ga mai ita ta zama shirme, har suka laƙaba wa shirmen suna, krakoziyabri. Amma duk da wannan wahala ta shekaru, Rashawa ba su yar da haruffansu ba. Sun jure har tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya zama ruwan dare, ya ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai.

A cikin wannan tsari akwai ɓ da ɗ da ƙ, haruffan da aka tsayar wa Hausa a Zariya tun zamanin Rupert East, a shekarun 1930. Watau na'ura ta daɗe da sauke nata nauyin. Abin da ya rage sakaci ne na masu bugu, da rashin wanda zai nuna musu inda harafin yake.

Kafanchan kuwa lamarinta ya fi na Kano nauyi. Tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a shekarun 1920, Hausa ce harshen kasuwarta, amma kewaye da ita akwai Tyap na Zangon Kataf, da Jju na Zonkwa, da Hyam na Kwoi. Tyap da Jju suna da wasula masu ɗan layi a ƙasa, kamar a̱ ta sunan A̱tyap. A wurin kwamfuta, harafin da layin lambobi biyu ne da ake ɗorawa kan juna. Idan samfurin rubutun ba mai kyau ba ne, sai layin ya goce gefe ko ya ɓace. Bahaushe yakan cinci ma'ana ko babu ƙugiya, domin ya saba da karatun harshensa. Yaron Bajju da aka haifa a Agege, wanda a rubuce zai fara koyon harshen kakanninsa, me zai cinta?

Saboda haka ya kamata Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ta sa koyon buga waɗannan haruffa cikin horon malamai. Masu shagunan ɗab'i na Kafanchan su ma su nemi samfurin rubutun da ke ɗauke da su. Ƙungiyoyin 'yan gida da ke Kudu kuwa, su ne ke biyan kuɗin kalanda da takardun taro, don haka su ƙi karɓar aikin da aka cinye wa ƙugiya. Mai shagon da aka mayar wa aiki sau ɗaya ba zai yarda a sake ba. Allah ya sa a gane.