NIMASA: an sayi bindiga, an manta da ruwan

A watan Yuni na 2021, shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue a Legas, aka yi biki har da faretin jiragen ruwa. Dalar Amurka miliyon 195 aka zuba: manyan jiragen ruwa 2, ƙananan jirage masu gudu 17, jiragen sama 2, masu saukar ungulu 3, da motoci masu sulke 16. Wa aka danƙa ma wannan tarin makamai? NIMASA, hukumar da aikinta na asali shi ne rajistar jirage, duba lafiyarsu da kula da matuƙa.

Ba wanda zai ce babu dalili. A 2020, cikin matuƙa 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gine aka kwashe su. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 ta ba alƙalai abin kamawa, kuma a 2021 wata kotu a Legas ta ɗaure ƴan fashi 10, shekara 12 kowanensu. Fashi ya ragu ƙwarai. Wannan kam sai a yaba.

Amma dokar 2007 da ta tsara hukumar ta ɗora mata wani nauyin: hana gurɓata teku da kai ɗauki in mai ya malale. A nan fa ake yin ta. Wata biyar bayan bikin Legas, rijiyar kamfanin Aiteo ta ɓalle a Nembe, jihar Bayelsa, ta yi sama da wata guda tana aman ɗanyen mai cikin kogi. A Fabrairu 2022, Trinity Spirit, tsohon jirgin ajiyar mai, ya fashe ya kama da wuta a gaɓar jihar Delta. Jirgi mai gudu yana korar ɓarawo, amma ba ya tsotse mai daga saman ruwa.

In aka tambaya, amsa na nan a shirye: ai aikin NOSDRA ne, hukumar da aka kafa a 2006 don malalar mai. Wato wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna sai kamfanonin mai sun taimaka mata da abin hawa kafin ta isa wurin ɓarna. Mai laifi ke ɗauko alƙali a kwalekwalensa! Guda na karɓar kashi 3 cikin ɗari na kuɗin dakon kayan da ke shiga da fita Nijeriya, ɗayar na jiran kason baitulmali. Da gangar mai wajen 40,000 suka malale a Bonga, filin kamfanin Shell, a Disamba 2011, kowace ta fito da nata lissafin diyya, masunta na kallo.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ƴan fashi ke cuta, mai jirgi ne, yana da lauyoyi da jakadu. Wanda mai ke cuta, masunci ne mai taru ɗaya.

Alhazan Maraɗi da Damagaram kada su ce ruwa ya yi musu nisa. Kwantenar da ke sauka Lome ta wannan tekun take bi, kuma kuɗin asiransin yaƙi da masu jirage ke ƙarawa, a kan buhun shinkafa da bandirin atamfa yake ƙarewa. Har a 2024 shugabannin NIMASA na kukan cewa kamfanonin Landan sun ƙi janye shi, duk da miliyon 195 ɗin.

Ga kuma sabon abu: a watan Mayu 2024 aka fara loda ɗanyen man Agadem a Seme, ƙarshen bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, dab da iyakar Benin da Nijeriya. Igiyar ruwan wannan gaɓar gabas take nufa. In bututun loda ya tsage da dare, man Nijar zai doshi Badagari da Legas, kuma Yamai za a aiko ma takardar neman diyya. Ma'aikatar man fetur ta fito ta gaya ma jama'a: jirgin wa zai kai ɗauki, kuma wa zai biya?