Tudun Yashi Ba Kufai Ba Ne

Akwai ƙaryar da mu masu zane muke sayarwa da tsada: tudun yashi a bakin teku, rana na faɗuwa, raƙumi ɗaya, babu mutum, babu gona. Masu yawon buɗe ido na son irin wannan hoto, masu shagunan zane ma shi suke nema. Ni dai na ƙi, kuma ga dalilina.

Na daɗe ina zana gaɓar tekun Senegal, tsakanin Dakar da Saint-Louis. Wanda ya zauna da buroshi tun asuba ya san yashi ba launi ɗaya gare shi ba. Na bakin ruwa fari ne fat, na gaba da shi rawaya, na can ciki ja. Iska kuma ba ta barin tudu yadda ka same shi. Layin da ka ja da safe, kafin la'asar ya gusa. Abin da ke motsi haka ba matacce ba ne.

Sai ka leƙa bayan tudun. A nan kwarurrukan da ake kira Niayes suke, inda ruwa ke kusa da ƙasa, ana noman albasa, kabeji, karas da tumatir da ke cika kasuwannin Dakar. Tun ƙarshen shekarun 1940 aka fara dasa itatuwan filao a bakin gaɓar don su tare yashi, har suka zama shinge mai tsawon kilomita kusan 180. Mutumin Gudumariya ko Maine Sorowa ba ya buƙatar a yi masa bayani, domin ya san yadda rairayi ke cinye kwari idan aka yi sake. To, da wane ido mai zane zai tsaya a wurin ya ce babu kowa?

Za a ce mini zane ne kawai, ba takardar fili ba. Ban yarda ba. Tun 2014 ake haƙar ma'adinan zirkon da ilmenayit a cikin waɗannan tuddai, daga wajen Diogo ana hawa zuwa Lompoul. Wani ƙaton inji ne da ke yawo a kan tafkin da aka haƙa masa, yana zuƙe yashi, yana tace ɗan abin da ake so, yana amayar da saura a baya. An tayar da ƙauyuka saboda wannan aiki. Kafin a tayar da mutum daga wuri, sai an fara gamsar da duniya cewa wurin fayau yake. Hotunanmu marasa mutane suna taya wannan aikin, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Kada kuma mai zane ya ce ba ruwansa. Daga ilmenayit ake samun farin fenti, wanda muke matsowa don mu fito da hasken tudun. Da yashin muke zana yashin.

Ban ce kowa ya koma zanen allon zanga-zanga ba. Kyau yana nan, a zana shi. Amma a saka rijiya, a saka matar da ke ban-ruwa, a saka layin filao da amalanken albasa. Mai saye ya ce sun ɓata masa hoto? Ya riƙe kuɗinsa. Gara zane ya kwana a ɗakina da ya rataye a bangon otal yana shaidar zur a kan manoma.