Ƙalubale ko Sakaci? Yadda Kalma Ɗaya ke Haɗiye 'Yan'uwanta a Filayen Noman Rani na Kura

Duk mai sauraren labaran Hausa a rediyo, ko mai halartar tarukan manoma a Kura da Bunkure da Garun Malam, zai lura cewa kalmar ƙalubale ta zama ruwan dare. Jami'i zai tashi ya ce manoma suna fuskantar ƙalubalen ruwa da ƙalubalen taki da ƙalubalen kasuwa. Shi kuwa manomin da ake magana a kansa, idan yana hira da maƙwabcin gonarsa, cewa yake yi ruwa bai iso ba, taki ya yi tsada, dillali ya karya farashi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu ta wuce bambancin salo, domin kalmar da aka zaɓa ita ke nuna wanda za a tambaya da kuma maganin da za a nema.

A asalin Hausa, ƙalubale kalma ce ta fagen gwada ƙwanji. Ɗan dambe yakan fito fili ya ƙalubalanci takwaransa, haka ma ɗan kokawa. Abubuwa uku ne ke tattare da ita: mai kira, da wanda aka kira, da fagen da za a kara. Wanda aka ƙalubalanta yana da zaɓi, ko ya amsa ko ya noƙe, kuma mutuncinsa yana rataye da zaɓin. Da aka faɗaɗa kalmar zuwa shari'a da siyasa, aka riƙa cewa an ƙalubalanci sakamakon zaɓe a kotu, ba ta rasa komai ba, tunda masu jayayya biyu suna nan, fage yana nan, alƙali ma yana nan.

Sauyin ya zo ne ta ƙofar fassara. Kalmar Ingilishi challenge ta samo tushe daga calumnia ta Latin, mai ma'anar ƙazafi, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi. Tana ɗauke da ma'anar kiran gasa, da ƙin amincewa da hujja a gaban kotu, da tambayar da mai gadi ke yi wa baƙo, da kuma aiki mai wuya da ke gwada ƙwazon mutum. Wannan ma'ana ta ƙarshe ce ofisoshi da ƙungiyoyin ba da agaji suka runguma, har ta zama hanyar sakaya matsala don kada a ambace ta da sunanta. Masu fassara a ɗakunan labarai, waɗanda lokaci ke ƙure wa kullum, sai suka ɗaura wa kalmomin biyu aure: duk inda ta Ingilishi ta bayyana, ƙalubale ce za ta maye gurbinta. Ta haka Hausa ta gaji sakayawar ba tare da ta nema ba.

Yankin Kura wuri ne da ya dace a auna illar hakan. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Bako, ita ke shayar da Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Ruwan yana gangarowa ne da kansa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da masara. A tsari irin wannan, idan laka ta cushe magudana ko kacala ta toshe ta, na kusa da bakin ruwa zai sha, na can ƙarshe ya zuba ido. Hausa tana da sunan wannan hali: sakaci ne ko rashin yasa. Da zarar an ce sakaci, tambaya za ta biyo baya: na wa? Na hukuma ne, ko na ƙungiyar masu amfani da ruwa, ko na manoman da suka fasa kanal suka karkatar da ruwa? Amma idan aka ce ƙalubalen ruwa, babu wanda za a tambaya, sai ka ce daga sama abin ya faɗo.

Haka lamarin yake a fannin tumatir. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta dakatar da aiki saboda rashin kayan sarrafawa. Wannan annoba ce, kuma kalmar annoba tana kiran gaggawa da magani da malaman gona. Idan kuma kaka ta yi kyau, tumatir ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan har ya ruɓe a kwando, sunan abin asara, kuma asara tana kiran wurin ajiya da masana'anta da hanya. Idan dillali ya yi amfani da matsuwar manomi ya saye kayansa da arha, ƙwara ce. Tashin kuɗin man fetur bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wanda ya nauyaya wa masu ban ruwa da inji, tsada ce. Shigar dabbobi gona ɓarna ce, abin da ke biyo bayanta kuma rikici. Ga cikas da tarnaƙi da tangarɗa da barazana da ƙangi, kowace da nauyinta: tangarɗa takan wuce da yammacin ranar, tarnaƙi yana hana tafiya gaba ɗaya, barazana kuwa ba ta riga ta auku ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya tattara waɗannan a ƙarƙashin suna ɗaya ya saki linzamin.

Akwai masu ganin cewa wannan ƙorafi bai da tushe. Hujjarsu ita ce faɗaɗar ma'ana ɗabi'ar kowane harshe mai rai ce, kuma ƙalubale tana ƙarfafa gwiwa fiye da matsala, domin tana nuna abu ne da za a iya cin galabarsa. Hujja ta farko gaskiya ce, kuma babu mai iya hana kalma yaɗo. Sai dai akwai bambanci tsakanin faɗaɗar da ke ƙara wa harshe ƙarfi da wadda ke korar kalmomi goma don ɗaya ta zauna. Ta biyun kuwa ita ce ma abin tsoro. Idan aka gaya wa manomin ƙarshen magudana cewa rashin ruwa ƙalubalensa ne, an mayar da shi ɗan damben da aka kira fage, kuma in gonarsa ta bushe shi ne ya sha kaye. Nauyin da ke wuyan wani ya koma wuyansa ta hanyar nahawu kawai.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da kalmar, domin tana da gurbinta a Kura. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, masu turara shinkafa da masu injin casa na garin sun sami kansu a fage na gaske: ko su fitar da shinkafa marar tsakuwa da za ta yi gogayya da ta waje, ko masu saye su juya musu baya da zarar an buɗe iyaka. Akwai abokin karawa, akwai fage, akwai zaɓi. Haka nan idan aka miƙa wa ƙungiyoyin manoma alhakin yashe ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa, kamar yadda shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya tanada, an ƙalubalance su, kuma amsa tana hannunsu.

Ma'aunin ke nan da ya kamata mai fassara da ɗan jarida da ɗalibi su riƙe: kafin a rubuta ƙalubale, a tambaya wa ya kira, wa aka kira, kuma shin wanda aka kira yana da ikon amsawa. In babu amsa, a koma rumbun Hausa a ɗauko kalmar da ta dace. Sassan nazarin Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna da rawar takawa, musamman a darussan fassara, inda ya kamata a riƙa horar da ɗalibai da rahotannin noma na gaske, a kuma tura su gonakin Kadawa da Bunkure su ji yadda masu abin ke kiran damuwarsu. Manomin Kura bai manta kalmominsa ba. Masu rubuta rahoto a kansa ne ke buƙatar tuni.